Idan an sauya tsarin gwajin magani, wa ya kamata ya fara ji?

Nas_Mai_Bincike:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata tawaga da ke gwada sabon magani a kan marasa lafiya, kuma wani abu ya faru da nake so mu yi masa duba tare. An yi wa kundin tsarin bincikenmu gyara, aka ƙara ɗibar jini a ziyara ta huɗu. Masu ɗaukar nauyin binciken sun sani, babban mai bincike ya sani, kwamitin ɗa'a ma ya amince tun makonni kafin nan, amma ni da nake zama gaba da gaba da mahalarta ban ji komai ba sai ranar da mai sa ido na masu ɗaukar nauyi ya zo duba takardu, ya tambaye ni dalilin da ya sa ba a ɗebi jinin mutum uku ba. An aiko da saƙon imel, wannan gaskiya ne, sai dai ga babban mai bincike kaɗai aka aika, shi kuma ya ɗauka cewa mai daidaita ayyuka ta samu nata. Da na kira mutanen nan don su dawo su sa hannu a sabuwar takardar amincewa, ɗaya daga cikinsu ya ce da ni, idan mu da kanmu ba mu san abin da ake ciki ba, da wane ƙarfin zuciya zai ci gaba da miƙa mana hannunsa. Wannan tambaya tasa ba ta bar ni ba har yau. Abin da nake tambaya shi ne, isar da saƙo a tawagar bincike aikin mutum ɗaya ne da za a naɗa, ko nauyi ne a wuyan kowa? Kuma me ya sa idan ana lissafa masu ruwa da tsaki, ma'aikatan da ke ƙasa a matsayi da mahalarta ne ke zuwa a ƙarshe?

Mai_Daidaita:
Wa alaikumus salam, Malama. Aikin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe babu mai yin sa. A tawagarmu duk takardar da ta shigo tana da mutum guda da sunansa ke kanta, kuma ba a cewa saƙo ya isa har sai wanda aka aika wa ya sa hannu cewa ya karanta, ya kuma fahimci abin da ya sauya a aikinsa. Ba ma fara aiki da gyara sai an rubuta ranar horo da sunayen waɗanda suka halarta.

Likitan_Bincike:
Zan yi magana a matsayin wanda ke riƙe da irin kujerar da aka ambata. Bisa ƙa'idar kyakkyawan aikin gwaji ta ICH (majalisar ƙasa da ƙasa mai daidaita ƙa'idojin magunguna), wadda aka fara fitarwa a 1996, aka yi mata ƙari a 2016, aka kuma amince da sabon bugunta a farkon 2025, babban mai bincike ne ke da alhakin tabbatar da cewa duk wanda ke taimaka masa ya san tsarin binciken da aikin da aka ɗora masa. Ana iya wakilta aiki, amma alhakin yana nan a wuyansa. Saboda haka idan ana neman wanda za a tambaya a labarin Malama Nas, mutum irina ne, kuma ba zan kare shi da cewa ayyuka sun yi masa yawa ba. Abin da kawai zan ƙara shi ne, yawancinmu muna duba marasa lafiya, muna koyarwa, muna kuma riƙe da bincike fiye da ɗaya, don haka tsarin da ya rataya a kan akwatin imel na mutum guda tsari ne mai rauni tun daga tushensa. Tun da na gane haka na nemi masu ɗaukar nauyi su riƙa aika kowane saƙo ga mutum uku a lokaci ɗaya.

Mai_Sa_Ido:
Likita ya faɗi gaskiya, amma mu ma da muke zuwa daga ɓangaren masu ɗaukar nauyi muna da namu kason. Sau da yawa ana aiko da gyara a matsayin kundi mai shafuka masu yawa, tare da jerin sauye-sauye da aka rubuta don hukumomi, ba tare da an fitar da shafi ɗaya da zai ce wa nas ga abin da za ki yi daban daga gobe, ya ce wa mai harhaɗa magani ga naka ba. Na kan rubuta wannan shafin da kaina, duk da cewa babu wanda ya umarce ni, domin na lura cewa kurakuran da nake samu a ziyarata suna raguwa a wuraren da na yi haka.

Tsohon_Mahalarci:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. Na shiga wani gwaji na tsawon shekara biyu saboda ciwon da nake fama da shi, kuma ban taɓa fashin ziyara ba. Ma'aikatan sun kyautata mini ƙwarai, ba ni da ƙorafi a kan wannan. Amma ranar da aka gama, aka yi mini godiya, aka sallame ni, shi ke nan. Ban san ko maganin ya yi aiki ba, ban san ko na gaske aka ba ni ko ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Bayan shekaru wani ɗana ya ci karo da sakamakon a intanet, da harshen da ko shi da ya yi karatu bai gane rabinsa ba. Kuna magana a kan saƙon da bai isa ga nas ba, ni kuma ina magana a kan saƙon da tun farko babu wanda ya yi niyyar aiko mini da shi.

Malamar_Ɗa'a:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, kuma maganarka tana da madafa a rubuce. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, ta tanadi cewa a bai wa mahalarta zaɓin sanin sakamakon binciken da suka shiga. A gyaran da aka yi mata a watan Oktoba na 2024 an daina kiran mutane da kalmar da ke nuna su abin gwaji ne, aka koma kiran su mahalarta, aka kuma bayyana cewa a yi hulɗa ta haƙiƙa da su da al'ummominsu kafin bincike, da lokacin da ake yin sa, da kuma bayan an gama. A Tarayyar Turai, dokar gwajin magunguna da aka zartar a 2014, wadda ta fara aiki a ƙarshen Janairun 2022, ta wajabta wa masu ɗaukar nauyi su fitar da taƙaitaccen sakamako da harshen da mutumin da ba masani ba zai fahimta. Abin da na gani a zaman kwamiti shi ne, ana rubuta alƙawarin sanar da mahalarta a cikin kundi, amma ba a ware masa kuɗi ko ma'aikaci, kuma lokacin da sakamako zai fito kwangilar ma'aikatan wurin ta riga ta ƙare. Yanzu na kan tambayi masu neman izini: wa zai kira waɗannan mutane, kuma daga wane layin kasafi za a biya shi?

Dalibin_Likitanci:
Ina da tambaya ga manyana. Tun da kwamitin ɗa'a ne ke duba sakamako yayin da gwaji ke gudana, me zai hana ya riƙa sanar da mahalarta halin da ake ciki a kowane mataki?

Dan_Kididdiga:
Ɗalibi, ka haɗa kwamitoci biyu wuri ɗaya. Kwamitin ɗa'a yana duba tsarin bincike da takardar amincewa, yana kuma karɓar rahotannin abin da ya shafi lafiyar mahalarta. Wanda ke ganin sakamakon wucin gadi a buɗe, rukuni da rukuni (wato waɗanda aka ba maganin gwaji da waɗanda aka ba abin kwatanci), wani kwamiti ne daban mai zaman kansa na sa ido a kan bayanai da lafiyar mahalarta, kuma da gangan aka hana shi faɗa wa kowa abin da ya gani, har da masu binciken kansu. Abin da yake aikowa gajere ne: a ci gaba, a yi gyara, ko a tsaya. Dalilin kuwa shi ne, sakamakon farko yana yawan rinjaya gefe ɗaya saboda ƙarancin adadi, sannan ya daidaita daga baya. Da za a ce wa likitoci rukuni na farko ya fara yin gaba, da yawa za su daina shigar da marasa lafiya ko su sauya yadda suke kula da su, gwajin ya lalace ba tare da an samu amsa ba, wahalar waɗanda suka riga suka shiga ta tafi a banza. Ina faɗin wannan ne domin a muhawarar nan kada mu ɗauka cewa kowane shiru sakaci ne. Akwai shirun da ke kare mahalarta. Inda nake ganin ana kuskure shi ne rashin bayyana wa mutane tun ranar farko cewa za a yi wannan shiru, da dalilinsa, da lokacin da zai ƙare.

Tsohon_Mahalarci:
Malam, da an yi mini wannan bayanin naka a farko, da na jira da kwanciyar hankali. Amma ka ce shirun yana da ranar ƙarewa, nawa kuwa bai ƙare ba.

Dan_Kididdiga:
Haka ne, Baba. Bayan an rufe bayanai an buɗe sirrin rukunoni, babu wata hujja ta ilimi da za ta hana a faɗa maka rukunin da ka kasance.

Wakiliyar_Alumma:
Na yi shekaru a kwamitin ba da shawara na al'umma, kuma ina so in mayar da mu kan rabi na biyu na tambayar Malama Nas, wato lokacin da ake tuna mutane. A 2004 an dakatar da gwajin maganin tenofovir a matsayin rigakafin ƙanjamau a Kambodiya tun kafin ya kankama, bayan matan da za a yi gwajin a kansu sun yi ƙorafin cewa ba a saurare su ba, musamman a kan wanda zai kula da lafiyarsu idan wani abu ya same su daga baya. A farkon 2005 aka dakatar da irinsa a Kamaru. Maganin kansa ba shi ne matsalar ba, domin daga baya wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa wannan hanya ta rigakafi tana aiki, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Truvada, magani mai ɗauke da tenofovir, don haka a 2012. Rashin jituwa tsakanin masu bincike da al'umma ne ya ci waɗannan gwaje-gwajen na farko. Daga wannan darasi ne UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, da AVAC, ƙungiya mai fafutukar rigakafinsa, suka fitar da ƙa'idojin kyakkyawar hulɗa da masu ruwa da tsaki a 2007, suka sabunta su a 2011. Abin da na fi riƙewa a cikinsu shi ne bambanci tsakanin sanar da mutane da kuma shawara da su. Idan aka kawo mana kundi bayan an gama rubuta shi, an samu izini, an buga takardu, sannan aka ce mu faɗi ra'ayinmu, to sanarwa aka yi mana. Shawara tana nufin akwai abin da zai iya sauyawa saboda abin da muka faɗa.

Likitan_Bincike:
Hajiya, na yarda da ke a kan tushen maganar, amma akwai iyaka da ya kamata a faɗa a fili. A gwajin da ake yi a ƙasashe da yawa lokaci ɗaya, kundin ɗaya ne ga kowa, kuma wurin bincike guda ba shi da ikon sauya yawan maganin ko abin da ake aunawa. Idan na zaunar da kwamitinku na ba ku fatan cewa komai na iya sauyawa, na yaudare ku.

Wakiliyar_Alumma:
Likita, ba mu taɓa neman a ba mu ikon sauya yawan magani ba. Abin da muke nema shi ne a ce mana ga abin da ya kafu, ga abin da ke hannunku, ga kuma abin da za ku kai sama a madadinmu. Lokutan ziyara, tsawon jira, wanda zai yi wa mace bayani, yadda za a kira mutum a waya ba tare da an tona wa iyalinsa ciwonsa ba, duk waɗannan suna hannun wurin bincike, kuma su ne ke sa mutum ya dawo ko ya ɓace. Sannan ko abin da ake aunawa ma ya taɓa sauyawa saboda marasa lafiya. A fannin ciwon sanyin gaɓoɓi mai kumburi, sai da aka fara gayyatar masu ciwon zuwa tarukan OMERACT, inda masana ke tsara abin da za a auna a gwaje-gwajen irin wannan ciwo, a 2002 suka nuna cewa gajiya mai tsanani na daga cikin abin da ya fi addabarsu, alhali ba ta cikin jerin abubuwan da masana suka saba aunawa, daga baya kuma aka ba da shawarar a riƙa auna ta a gwaje-gwaje.

Mai_Fassara:
Ina fassara takardun amincewa, kuma wurin da saƙo ya fi karyewa a idona shi ne nan. Ana rubuta takardar da harshen lauyoyi, a ba ni in mayar da ita wani harshe, sannan a ba wani ya mayar da fassarar tawa zuwa harshen asali don a gwada. Wannan yana tabbatar da cewa kalmomi sun yi daidai, amma ba ya tabbatar da cewa mai karatu ya gane. Abu mafi wuya shi ne bayyana cewa kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'a ta zaɓa wa mutum rukuni, kuma likitan da ke gabansa bai san abin da aka ba shi ba. Mutum ya saba cewa likita yana zaɓa masa abin da ya fi dacewa da shi, don haka ko an karanta masa sau uku, zuciyarsa na gaya masa cewa magani ake yi masa. Masana sun ba wannan ruɗani suna tun a farkon shekarun 1980. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a nemi mutum ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, a saurare shi har ƙarshe, a gyara inda ya kauce. Tambayar "ka gane?" ba ta da amfani, domin kunya da girmamawa za su sa kusan kowa ya ce ya gane.

Malamar_Ɗa'a:
Abin da Malam mai fassara ya faɗa ya sa dole in ambaci binciken Tuskegee, domin asalinsa ƙarya ce da aka yi da kalmomi. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta bi diddigin baƙaƙen fata maza kusan 600 a jihar Alabama, 399 daga cikinsu suna da ciwon tunjere, aka ce musu ana yi musu maganin "mummunan jini", aka kuma bar su babu magani ko bayan da fenisilin ya zama sanannen maganin ciwon. Ma'aikaci ne daga cikin hukumar, Peter Buxtun, ya yi ta ƙorafi a ciki ba a saurare shi ba, har ya kai maganar ga 'yan jarida. Rahoton Belmont na 1979, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'a na bincike a kan mutane a Amurka, ya biyo bayan wannan. Ina jawo hankalinku ga ɓangaren Buxtun, domin mun fi magana a kan saƙon da ke saukowa daga sama, alhali wanda ke hawa daga ƙasa shi ne ya fi fuskantar shinge. A tawagarku, ƙaramin ma'aikaci zai iya cewa an yi kuskure ba tare da ya ji tsoron rasa aikinsa ba?

Mai_Harhada_Magani:
A wurinmu amsar ta danganta da wanda ke jagorantar taro. Na taɓa lura cewa ma'aunin sanyin firjin da muke ajiye maganin gwaji ya fita daga iyaka cikin dare. Na killace maganin, na rubuta rahoto da safe, aka dakatar da bayarwa har masu ɗaukar nauyi suka ba da amsa. A taron mako, abin da babban mai bincike ya fara yi shi ne gode mini a gaban kowa, sannan aka shiga binciken musabbabi. Bayan wannan rana sai na ga ƙananan ma'aikata sun fara kawo nasu kurakuran da kansu. Ƙa'ida ta ce a kai rahoton mummunan lamari mai tsanani ga masu ɗaukar nauyi cikin awa 24 da sanin sa, amma wannan agogo ba ya fara bugawa sai wani ya buɗe baki.

Mai_Daidaita:
Game da yawan takardu da aka ambata a sama, gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya gwada magunguna a kan masu korona, misali ne mai kyau. An fara shi a Maris na 2020 ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray na Jami'ar Oxford, aka taƙaita takardun shigar da mara lafiya yadda likitan da aiki ya yi wa yawa zai iya cikawa cikin ɗan lokaci, asibitoci fiye da 170 suka shiga. A ranar 16 ga Yuni na 2020 aka sanar cewa maganin dexamethasone yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Sauƙin saƙon yana cikin abin da ya sa aka samu amsa cikin wata uku.

Dan_Kididdiga:
Misalin yana da kyau, sai dai magani ne da aka daɗe da sanin illolinsa, abin da ake aunawa kuma shi ne rai ko mutuwa. Sabon maganin da ba a taɓa ba mutane da yawa ba yana buƙatar bayanai masu yawa, kuma ba za a iya taƙaita shi haka ba. Akwai kuma waɗanda suka soki fitar da sakamakon ta sanarwar manema labarai kafin cikakken rahoto, wanda shi ma tambaya ce ta wa ya kamata ya fara ji.

Wakiliyar_Alumma:
Wannan tambaya ta taso a waccan shekarar ta wata fuska. A Satumba na 2020 an dakatar da gwajin rigakafin korona na Oxford da AstraZeneca bayan wani mahalarci a Birtaniya ya kamu da rashin lafiya, aka ci gaba a Birtaniya bayan 'yan kwanaki, a Amurka kuwa sai ƙarshen Oktoba. Dakatarwa irin wannan alama ce cewa tsarin kariya yana aiki, amma wanda ya ji ta a labarai kafin ya ji daga bakin nas ɗinsa ba zai ɗauke ta haka ba. Shi ya sa nake roƙon kowace tawaga ta rubuta tun kafin a fara: idan an dakatar, wa zai kira mahalarta, cikin awa nawa, kuma me zai ce musu.

Nas_Mai_Bincike:
Na gode muku duka. Na kai shawarar Malam mai sa ido ta shafi ɗaya ga taronmu, an kuma amince cewa mai daidaita ayyuka ce za ta riƙa rubuta shi, kowa ya sa hannu kafin a fara aiki da gyara. A kan tambayata ta farko, har yanzu ina tsakanin Malam mai daidaitawa da ya ce a naɗa mutum guda, da Malamar ɗa'a da ta nuna cewa naɗin ba zai wadatar ba idan na ƙasa ba ya iya magana. Baba tsohon mahalarci, na duba kundinmu bayan na karanta saƙonka, na tarar da alƙawarin sanar da sakamako a cikin layi ɗaya, babu sunan wanda zai yi. Gwajinmu zai ƙare nan da shekara guda, kwangilata kuma za ta ƙare kafin a fitar da sakamako. Mutumin da ya yi mini waccan tambaya ya dawo ya sa hannu, ya ci gaba da zuwa ziyara.

Likitan_Bincike:
Malama, ki nemi a saka batun sakamakon a ajandar taro na gaba tun kuna da sauran kasafi, a kuma nemi izinin mahalarta a rubuce cewa za a iya tuntuɓarsu bayan an rufe, domin idan babu wannan izinin wanda zai gaje ki zai sha wuyar kiran su. Wasiƙar da za a aika musu ma sai kwamitin ɗa'a ya gan ta tukuna, saboda haka gara a fara rubuta ta yanzu a bar gurbin sakamakon.